Kasuwancin Abinci da Amfanin Gona a Jihar Tawa: Amsar Tambayoyin da 'Yan Bida ke Yawan Aiko Mini

Na daɗe ina harkar albasa da wake tsakanin Galmi, Tsarnawa da Tawa. Tun da waya ta zama ruwan dare, ba a kwana uku wani ɗan Adar da ke Abijan ko Libiya ko Aljeriya bai aiko mini da saƙon murya ba: "Alhaji, na ɗan tara wani abu, mi zan sa shi ciki a gida?" Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, amsar ce ke da tsawo, waya kuma ba ta ɗaukarta. Shi ya sa na zauna na tattara su a nan, wasu ma na bar su da lafazin masu su. Duk lissafin da sefa ne.

Alhaji, don Allah harkar abinci tana da riba da gaske, ko daɗin baki ne?

Tana da riba, amma ba a inda yawancinku ke zato ba. Shiga kowane kanti a Tawa ka ɗaga kai. Shinkafar daga Asiya take, madarar gari daga Turai, man girki da sukari da tumatirin gwangwani yawanci baƙi ne. Mu kuma abin da muke fitarwa, albasa da wake da riɗi da aya da dabbobi a tsaye, ɗanye yake fita kamar yadda Allah ya halicce shi.

Kuɗin wannan harka wuri uku suke ɓuya. Akwai lokaci: abin da ake roƙonka ka saya da kaka, shi za a dawo ana roƙonka ka sayar bayan wata biyar. Akwai wuri: buhun da ke Madawa da ɗan'uwansa da ya isa Kumasi ba kuɗinsu ɗaya ba. Akwai kuma siffa: gyaɗa daban, mai da ƙuli-ƙuli daban. Manomin da ya sayar a bakin gona ranar da ya cire, don mai bashi na tsaye a kansa, bai taɓa ko ɗaya cikin ukun ba, alhali shi ya fi kowa shan rana.

Me ya sa duk wanda na tambaya sai ya ce mini albasa?

Don ita ce ta fitar da sunan jiharmu waje. 'Yar Galmi tana da yaji da ƙamshi, tana narkewa a miya ta ba ta kauri, kuma masu abincin sayarwa a Abijan da Akara da Lome sun san ta da ido. Ba a Galmi kaɗai ake noma ta ba. Kwarin Maggiya, kwarin Tarka ta wajen Madawa, Tamaske da Keita, da filayen ban ruwa na Ƙonni duk ita ce. An ma yi mata rajistar asali a OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta Afirka da ke Yawunde, ita da kilishin Nijar. Sai dai takarda ba ta tsare iri. Irin albasa sai an yi noma biyu ake samunsa, a dasa ƙwaya ta yi fure ta ba da iri, kuma in gonar maƙwabci wata albasa ce daban, ƙudan zuma ba ya tambayar iyaka. Wanda ya sayi iri a leda marar suna ranar kasuwa, kada ya yi mamaki in ya cire fara da ja a fangali ɗaya.

Kalandar ita ce abin riƙewa. Yawanci ana zuba iri wajen Oktoba, a yi dashe Nuwamba zuwa Disamba, a cire Maris da Afrilu. A lokacin kowa ya cire, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi warwas. Daga nan sai ya riƙa hawa har ƙarshen damina. Wajen Oktoba albasar Agadas, wadda ake nomawa da damina a lambunan Ayar, ta fara saukowa, sannan masu sammako na nan gida su fito da sabuwa a Disamba da Janairu. A can gaɓar teku kuma, duk lokacin da tamu ta yi ƙaranci, albasar Holan ce ke cike gurbin.

Noma zan yi da kaina, ko saye zan yi in ajiye?

In kana waje, ka fara da saye. Lambu yana son ƙafar mai shi safe da yamma. Ban ruwa ne ke cin kuɗin noman rani, kuma shekaru da dama manoman bakin iyaka da esansin Najeriya mai sauƙi suka dogara. Da aka janye tallafin mai a can a watan Mayun 2023, lissafin mutane da yawa ya rushe. Shi ya sa za ka ga wasu sun juya injin ban ruwansu yana aiki da tukunyar gas, masu hali kuma sun koma famfo mai aiki da hasken rana. Mai hasken rana yana da tsadar saye, amma daga ranar da ka kafa shi ka rabu da jarka. Kafin ka saya, ka san zurfin ruwan wurin a watan Afrilu. Zurfin Nuwamba yaudara ne.

To ajiyar fa? Na ji an ce rabi ruɓewa take yi.

Tana iya kai haka, har ta wuce, in ka sayi abin da bai kamata ba. Nan ne zan daɗe, don nan ne ake ci, nan ne kuma ake kuka.

Albasar ajiya tun daga gona ake gane ta. Manomin da ke son buhu ya cika da wuri yakan ɗura mata farin taki, wato ure, ya yi ta ba ta ruwa har jajibirin cirewa. Za ka gan ta ƙatuwa tana sheƙi, ruwa ne zalla. Wadda za ta jure, an yanke mata ruwa kamar mako biyu kafin a cire, ganyenta ya kwanta da kansa, an bar ta ta sha iska a rufe da ganyenta don kada rana ta ƙona ta. Ka ɗauki ɗaya ka danna wuyanta da babban yatsa. In siriri ne busasshe, ɓawon kuma yana ƙara a hannu kamar takarda, saya. In wuyan kauri ne da laushi, ka bar wa mai kai ta kasuwa gobe. Matsakaiciya ta fi ƙatuwa daɗewa. Wadda fartanya ta sara ko aka jefa ta daga sama, ko da ido bai ga tabo ba, ita ce za ta fara, ta kuma ja na kusa da ita.

Rudu da iyayenmu ke yi da kara da ciyawa, a ɗaga shi daga ƙasa iska na ratsa shi, yana da arha kuma yana aiki, muddin ba a tula albasar da yawa ba kuma rufin bai yoyo. Akwai ɗakunan ajiya na ƙasa masu tagogin iska da shimfiɗu hawa-hawa. Sun fi rage asara, sun fi cin kuɗin gini. Ko wanne ka zaɓa, dole a shiga kowane mako biyu a tsince. Hanci ke fara sanarwa. In ka buɗe ƙofa ka ji wani tsami-tsami, ko ka ga ƙananan ƙudaje na shawagi a kusurwa ɗaya, kada ka ce sai gobe. Watan Agusta ne mai wuya, lokacin da iska ta yi laima, albasa ta fara tsiro.

Ga lissafin da nake so kowa ya yi kafin ya fitar da ko dala. Misali ne kawai, ka sa naka adadin. A ce ka sayi buhu 100 a kan jika 10, miliyan ɗaya ke nan. Rudu, mai gadi, masu tsinta da sabbin buhuna sun ci jika 150. Bayan wata biyar, tsakanin ruɓa da tsiro da ramewa, ka auna ka sami buhu 65. To buhunka ya tsaya maka kusan jika 18. Mai cewa "na saya goma na sayar ashirin, na ninka kuɗina", bai ƙirga buhu 35 da suka tafi juji ba.

Mene ne wannan buhu mai hula, kuma dole ne sai na bi ta hannun dillali?

Albasa a nan ba da kilo ake sayenta ba, da buhu ne. Buhun kuma ana cika shi har ya yi tozo, a ɗinka masa wani guntu a ka, shi ne hular. Babba yakan haura kilo 100. Girman hular ciniki ne mai zaman kansa: mai saye na so ta yi tsawo, manomi na so ta gajarce, mai ɗinki kuma ya san wanda ya ba shi na goro. An daɗe ana ƙoƙarin mayar da mutane kan ƙananan buhunan raga masu awo, waɗanda ma sun fi barin albasa ta sha iska, amma al'ada tana da taurin kai.

Dillali kuwa, baƙo ba ya tsallake shi. A cibiyoyin cinikin albasa irin na Tsarnawa da Madawa da Tamaske akwai tsari, akwai shugabanni, akwai kuɗin da ake yanka wa kowane buhu, kuma ƙungiyar ANFO ta masu harkar albasa tana da wakilai. Ka nemi dillalin da ke da gida da iyali a garin. Ku yanke la'adarsa tun kafin a ɗaga buhu ɗaya. Kuma ka sa a zazzage maka buhu biyu ko uku da kai ka nuna, ba waɗanda aka nuna maka ba. Ba a cinikin biri a sama.

Ina so in loda mota zuwa Gana ko Kodebuwa. Yaya hanya take yanzu?

Ba kamar da ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakoki, motocin albasa da yawa suka maƙale kayan suka ruɓe a cikinsu. CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a Maris, amma gadar Gaya zuwa Malanbil ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangarenmu, har mutane suka koma tsallaka kaya da kwale-kwale. Hanyar Burkina kuma matsalar tsaro ta sa manyan motoci jiran ayari da rakiyar soja ta Tera da Dori. Ga mai siminti, jiran kwana goma asarar lokaci ce. Ga mai albasa ƙarƙashin tamfol cikin zafi, asarar jari ce. Kafin ka loda, ka yi magana da direban da ya dawo cikin makon nan, ba wanda ya je bara ba.

Isa ma ba shi ne ƙarshe ba. A can kana sauka ne hannun maigida, shi ke karɓar kaya ya raba wa mata masu sayarwa, yawanci bashi, ya tara kuɗi ya ba ka. A Akara, tun 2021 aka tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie aka mayar da su Adjen Kotoku, bayan gari, amma tsarin maigida yana nan yadda yake.

Ni kaina na sha wannan. Wata shekara na kai mota guda wani birni na gaɓar teku, na sauka wurin wani maigida da aka haɗa ni da shi ta waya. Mota ta lalace mana kwana biyu a hanya, muka isa muka tarar motoci shida sun riga mu. Da aka kwance igiya, buhunan ƙasa ruwa ke ɗiga daga gindinsu. Aka zazzage, aka tsince, aka raba wa mata. Kullum da la'asar sai ya zo ya zauna kusa da ni a kan benci, ya sa a kawo mini shayi, ya ce, "Alhaji, haƙuri, kuɗi suna hannun mata." Kwana arba'in ina kwana a rumfa kan buhunan wofi. Abin da na dawo da shi bai kai kuɗin saye da na mota ba, sauran har yau yana hannun mata. Laifina ne ta wani fannin: ban tambayi ko mota nawa ke gabana ba, ban kuma nemi wanda ya taɓa karɓar kuɗinsa cif daga hannun mutumin ba. Tafiyar farko, ka haɗa buhu 30 ko 40 cikin motar wanda ya saba, ka bi shi ka ga yadda ake yi.

Fitarmu daga CEDEAO ta hana kayanmu shiga ƙasashensu?

Ba ta hana ba. Fitar Nijar da Mali da Burkina ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, amma ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar kaya da mutanen ƙasashen uku bisa tsohon tsari har sai an yi sabuwar yarjejeniya. Muna kuma nan cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, sefarmu ɗaya da ta Abijan da Lome da Kwatano. Gana ce ke da sidi, don haka can akwai lissafin canji. Takardun da ba ka tashi babu su: takardar lafiyar tsirrai daga ma'aikatar kare amfanin gona, takardar asalin kaya, da ta duwan. Cikar takardu ba ta hana a tsayar da kai a shinge. Tana dai rage tsawon maganar.

Najeriya fa? Ga ta nan kusa, daga Ƙonni sai Illela.

Ita ce babbar kasuwar wakenmu da dabbobinmu, kuma daga can masara da kayan masarufi da yawa ke shigowa. Abu biyu ke cizo. Na ɗaya naira. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta zube ƙwarai. Kana iya cin riba da naira a Dawanau ta Kano, ka zo wurin ɗan canji a Ƙonni ka ga uwar kuɗi ma ba ta dawo ba. Masu wayo ba sa dawowa da naira, kaya suke sayowa da ita. Na biyu, iyakar tana iya rufewa ba sallama, kamar yadda aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020.

Wake ya fi albasa kwanciyar hankali?

Nesa ba kusa ba. Bayan Najeriya babu ƙasar da ta kai mu noman wake a duniya, kuma ba ya ruɓewa. Maƙiyinsa ƙwaro ne. Maganinsa buhun PICS mai riɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da masu bincike na Afirka. Ka shanya wake ya bushe sarai, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban, ƙwaro ya mutu don rashin numfashi. Ka ɗora buhunan kan katako, ka yi maganin ɓera, don huda ɗaya ta ɓata aikin. Ina roƙonku da Allah ku bar zuba piya-piya a cikin abin da mutane za su ci. Irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, kuma kafin Turawa, 'ya'yanmu ne ke cin sa.

Ribar wake ba ta kai ta albasa a shekara mai kyau, amma kana barci.

Gwamnati na iya hana ni fitar da kayana?

Tana iyawa, ta kuma yi. A Oktoban 2024 an hana fitar da hatsi irin su shinkafa, gero, dawa da masara zuwa ko'ina ban da Mali da Burkina. A Mayun 2025, gab da Layya, an dakatar da fitar da dabbobi don farashin rago ya sauka a gida. Wanda ya turke raguna da niyyar Abijan ya ji a jikinsa. Ka kuma tuna OPVN, hukumar ajiyar abinci ta gwamnati, kan fito da hatsi a farashi mai rahusa lokacin da abinci ya yi wuya, wanda alheri ne ga talaka, amma mai ajiyar gero da ya yi jinkiri sai ya ga kasuwa ta sauka a gabansa. Kada duk jarinka ya dogara ga iyaka ɗaya ko kaya ɗaya.

Wace takarda zan yi don in zama ɗan kasuwa na hukuma?

Biyu ne ginshiƙi: rajistar kasuwanci, RCCM, da lambar haraji, NIF. A Yamai ana yin su wuri ɗaya a Maison de l'Entreprise, a Tawa kuma ka fara da reshen majalisar 'yan kasuwa. Dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai-ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka, muke bi, don haka kana iya yin rajista da sunanka, ko ku kafa kamfani, SARL, in kuna da yawa. Manoma kuma ƙungiyar haɗin kai ta fi musu: mai sauƙin tsari, SCOOPS, mutum biyar sun isa. Mai tebur a kasuwa yana iya shekara bai nemi NIF ba. Amma ranar da za ka sayar wa babban kanti ko wata ƙungiyar agaji, ko ka nemi bashin banki, ita za a fara tambaya. Ƙaramin ɗan kasuwa lanho na dunƙule yake biya, babba kuma yana shiga lissafin TVA, harajin da ake ɗorawa kan kayan sayarwa, wadda take kashi 19 cikin ɗari.

Na sami lambu na sayarwa a ƙauye, mai gari ya shaida. Ya isa?

Bai isa ba. Tun dokar ƙasar karkara ta 1993 aka kafa kwamitocin filaye, COFO, daga ƙauye zuwa gunduma. Su ke ba da takardar saye, ta kyauta, ta aro, ta haya ko ta jingina. Yawancin lambunan kwari gado ne da ba a raba ba. Wanda ya sayar maka yana iya zama ɗaya cikin magada tara, biyu suna Libiya, uku mata ne da ba a ko shawarta ba. Sai ka haƙa rijiya ka kafa famfo, sannan su bayyana. Ka tara magada, ka kira maƙwabtan iyaka huɗu, a taka filin da ƙafa, a rubuta. Ka kuma tabbatar ba burtali ko mashayar dabbobi aka haɗa maka ciki ba.

Banki na ba da bashin noma kuwa?

Akwai BAGRI, bankin da aka kafa don noma, akwai asusun FISAN da ke haɗa tallafi da bashi da gudummawar mai aiki, akwai ƙananan asusun ajiya da bashi. Mai gudun kuɗin ruwa yana iya zuwa Bankin Musulunci na Nijar ya tambayi tsarin murabaha, inda banki ke sayen kayan ya sayar maka da riba sananniya. Dukkansu za su nemi jingina da lissafi a rubuce, kuma kuɗin kan fito a makare. Bashin taki da ya zo bayan dashe, sunansa bashin biki.

Abin da na ga ya yi wa ƙungiyoyi amfani shi ne warantaj. Da kaka manoma su zuba wake ko gero a mangaza, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya hannun ƙungiya, ɗaya hannun asusu. A ba su bashi gwargwadon wani kaso na darajar kayan, su yi sana'ar rani da shi. In farashi ya hau a buɗe, a sayar, a biya, rarar ta zama tasu. Da albasa ba ya tafiya sosai, don asusu ba ya son jinginar da ke ruɓewa.

Alhaji, ni mace ce, jarina bai fi jika 200 ba. Akwai abin da zan iya?

Hajiya, ke ce ma kika fi mu hanya, don siffa a hannunku take. Lokacin da albasa ta faɗi, ana yanka ta a shanya, a yi busasshiya ko gari, ga kuma gabu da kakanninmu suka san shi tun kafin zuwan dunƙulen kanti. Tumatir in ya yi yawa a yi kauɗa. Ga zogale, ga yaji haɗaɗɗe, ga man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ga garin kunu na yara, ga cukun Abalak da ke neman mai kai shi Yamai cikin tsabta.

Abin da ke kayar da mata a nan ba ɗanɗano ba ne, ƙura ce da mazubi. Kauɗar da aka shanya a ƙasa bakin hanya ba ta shiga babban kanti ko da ta fi kowace daɗi. Ki shanya a kan gado mai raga, ki rufe. Ki sa a leda mai kauri ko kwalba, da suna, da nauyi, da ranar yi da ranar lalacewa. Gyaɗa kuma ki tsince mai fumfuna da ta yanƙwane, don gubar da ke cikinta tana taɓa hanta, wuta kuma ba ta kashe ta. In kaya sun kankama, hukumar ANMC ce ke ba da shaidar inganci, kuma baje kolin Sahel-Niger da ake yi a Yamai wuri ne na haɗuwa da masu saye da yawa. Jari kuwa, tsarin Mata Masu Dubara da aka faro a jihar Maraɗi a 1991 ya tsayar da mata da yawa da ƙafafunsu ba tare da sun taka ƙofar banki ba. Abu ɗaya: kuɗin sana'a daban, kuɗin cefane daban, ko da maigida ya ɓata rai.

In kafa ɗakin sanyi ko wurin sarrafa nono fa?

Ka fara lissafin wuta kafin na inji. Kaso mai yawa na lantarkinmu daga Najeriya yake zuwa, kuma kowa ya tuna yadda aka yi da aka yanke shi a Agustan 2023. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 ta taimaka, amma watannin zafi, lokacin da ka fi buƙatar sanyi, su ne lokacin da wuta ta fi ɗaukewa. Nono kuma yana yawa da damina sa'ad da shanu ke can arewa, ya ƙafe da rani. Duk injin da za ka saya, ka tambaya ko akwai mai gyaransa a Tawa ko Ƙonni. Na san injuna masu tsada da suka zama wurin kwanan kaji don rashin ƙarfe ɗaya.

Turkar raguna?

Sana'a ce mai kyau in ka sayi abincinsu da kaka. Harawa da kowar wake da dusa suna arha a Nuwamba, su yi tsadar rashin imani a Mayu. Ka sayi rago mai ƙashi, balami ko uda, kamar wata uku zuwa huɗu kafin Layya, a yi masa allura da maganin tsutsa tun ranar farko. Layya tana matsowa da kwana 11 kowace shekara, ka lissafa da wannan.

Zan riƙa turo kuɗi ƙanena ya kula. Me ka gani?

Wannan ita ce tambayar da na fi tsoro, don ta raba gidaje da yawa. Ba wai ƙanenka macuci ba ne. Kuɗinka na hannunsa, sai inna ta kwanta ciwo, sai matar wa ta haihu, sai hatsin gida ya ƙare a Yuli. Wa zai hana? A idon gida kuɗin ɗan bida kuɗin gida ne. Saboda haka ka raba tun farko: ga na cefanen gida duk wata, ga na sana'a. Ka yanka wa ƙanen naka albashi ko kaso sananne, a gaban mutum biyu, kada ya yi maka aiki don zumunci kawai. Kuɗin kaya ka tura ta kamfanin aika kuɗi, Nita ko Amana, kai tsaye ga mai kayan. Ka saya masa littafi, kowace Juma'a ya ɗauki hoton shafin ya aiko. Farashi kuma kana iya bin sa daga inda kake, don hukumar SIMA na fitar da farashin kasuwanni, RECA, cibiyar majalisun manoma, kuma na da layin ba manoma shawara da Hausa ta WhatsApp. In ya ji haushin littafi tun makon farko, ka gode Allah da ka sani da wuri.

Akwai zakka a kan albasa?

A mazhabar Malikiyya, gero da dawa da wake da shinkafa in sun kai nisabi ana fitar da ɗaya bisa goma in ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa ashirin in da inji ko guga aka yi ban ruwa. Albasa da tumatir babu zakka a jikinsu, sai dai a kuɗinsu in sun kai nisabi sun shekara, ɗaya bisa arba'in. Mai saye don sayarwa hukuncin dukiyar ciniki ke kansa. Ka zauna da malaminka da littafin lissafinka a hannu.

To yaushe zan zo, da me kuma zan fara?

Ka zo farkon Maris. Mako biyu na farko kada ka sayi komai. Ka zauna a Tsarnawa ko Galmi daga hantsi zuwa la'asar, ka ga yadda ake ɗinka hula, ka ji yadda farashi ke juyawa in motocin Gana sun iso da kuma in ba su zo ba, ka rubuta. Sannan ka sayi buhu 20 da ka danna wuyansu da yatsanka, ka zuba a rudun wani dattijo da ya yarda ka riƙa shiga tsinta tare da yaransa. Sauran kuɗin ka riƙe su sai Oktoba, ka sa a wake. Ka taho da rawani da takalmin da ba ka jin tausayinsa, tufafin Abijan kuma ka bar su cikin jaka, don warin ruɓaɓɓiyar albasa sai an yi wanki uku yake barin riga.